Da Kansa Ya Ɗora Buhunan

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki?

Na bi shawararki. Kafin in je wurin alƙali neman rabuwa, na kwashe shinkafar gonar gadona zuwa gidan Kawu a Kaugama. Na ce wa Baban Ummi ambaliya nake tsoro. Yaya, da kansa ya ɗora buhunan a mota, yana gumi yana cewa, "Kin yi dabara, bana kogin nan ba zai bar mu ba."

Haƙƙina ne, kuma ban fasa ba. Amma tun ranar, Ummi nake aikawa ta kai masa tuwo.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Hadiza