Sunkuyon da Ya Hana Inna Fita

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin bakina ya raba ni da ɗan'uwana.

Duk yaƙe-yaƙen da na karanta a tarihi, babu wanda aka yi a kan abu mai sanyin jiki kamar namu: tai chi, motsa jikin nan na Sinawa da tsofaffi ke ɗaga hannu sannu a hankali, kamar masu shanya zane a cikin mafarki.

Ni malamar makaranta ce a Paris. Mahaifiyarmu, Inna, tana Vénissieux, a gefen birnin Lyon, wajen yayana. Bara ta faɗi a banɗaki, tun daga nan tsoron tsayuwa ya kama ta, salla ma a zaune take yi. Likita ya ce ta gwada tai chi, na hau jirgi na je Lyon, na sa ta a ajin tsofaffin unguwa. Ba a jima ba muryarta ta dawo, har tsokanata take a waya.

Sai Yaya ya raka ta rannan, ya ga kafin a fara kowa na haɗa hannu yana ɗan sunkuya wa malamar ajin. Shi ke nan, wai ruku'u ne ga wanin Allah, ya hana ta zuwa. Mutumin da ke durƙusawa har ƙasa in ya gamu da Alhajin da ke ba shi kaya a kasuwar Barbès ta Paris! Na ce gaisuwa ce, ya ce boko ya cinye ni. Na ce ya tambayi liman, ya ce shi ba yaro ba ne. Na ce to zan ɗauke ta ta dawo wajena, ya ce gidana hawa na biyar ne ba asansar, wato lif, goya ta zan riƙa yi? Abin haushin, a nan ya fi ni gaskiya.

Yanzu Inna ta koma bakin taga, ba ta fita, a waya ma daga "lafiya lau" sai shiru. Jama'a, in tara masa dangi ne? In ɗauko ta mu yi ta fama da matakala? Ko in haɗiye, tunda shi ne babba?

Jiya na kira malamar don in ba ta haƙuri. Ta ce suna kewar Inna ƙwarai, sai dai tunda ta fara zuwa ko hannu ba ta taɓa ɗagawa ba. Benci take zama, ta sha shayi, ta yi hira.