'Ya'yan Carbin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Anti Hadiza da yara? Mu nan Illela lafiya lau.

Albishirinka! Injin busar da tufafin da ka aiko ya daina ƙwas-ƙwas ɗin da ta sa Inna ta hana kunna shi. Jiya mai gyara ya kwance bayansa. Ka san mi ya zubo? 'Ya'yan carbin Baba uku, na Makka, wanda ya tsinke a aljihunsa muka kwashe wata muna nema! Har na mayar da su zare.

Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Baba ya ce a daina zagin injin, ashe tasbihi yake ta yi.

Ƙanwarka,
Rabi