Damina Ba Ta Zo Wa Yaya Barira Ba

Litinin, 4 ga Yuni, 1973

Yau ma babu hadari. Shukar da muka binne a gonar Baba ta ƙone a cikin ƙasa. 'Yan aji bakwai duk sun yi laushi, yawancinsu ko koko ba su sha ba, sai na ajiye lissafi na ba su labari daga littafin da na zo da shi daga kwalejin malamai. Na Girkawan dā, da gumakansu. Wata Dimita wadda suke cewa ita ce uwar hatsi, sarkin matattu ya sace 'yarta ya shige da ita ƙarƙashin ƙasa. Saboda baƙin cikinta ƙasa ta ƙi tsiro, mutane suka yi ta mutuwa. Na ce musu tatsuniyar masu bautar gumaka ce kawai. Ba wanda ya yi dariya.

Talata, 12 ga Yuni

Na biya gidan Yaya Barira. Ba ta nan, tana gindin tsamiyar da ke kallon maƙabarta. Tun da ƙyanda ta ɗauke 'yarta Asama'u a bazara, can take wuni. Mijinta Tasi'u ya ce ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Shekarar yarinyar shida. Har yanzu idan na jingine keke a ƙofar gidan sai in ji kamar za a ce, "Kawu, ɗora ni."

Juma'a, 15 ga Yuni

An fita roƙon ruwa. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi.

Asabar, 23 ga Yuni

A kasuwar Tsanyawa na ji da kunnena. Wata mai daddawa tana gaya wa maƙwabciyarta wai a ƙauyenmu akwai matar da kukanta ya ɗaure ruwa, wai har a littafin Turawa an rubuta. Ba ta san ni ba. Na tsaya riƙe da keke. Ashe yara sun kai labarin gida, ya canja kaya a hanya.

Lahadi, 1 ga Yuli

Ranar Alhamis Malam Ja'afaru liman ya aiko kirana. Bai ɗaga murya ba. "Malam Kamilu, mai jin yunwa duk abin da ka ba shi haɗiyewa yake. Ka ba su labarin gumaka, ga shi sun ɗora wa 'yar'uwarka." Na ce wallahi ban yi nufin haka ba. Ya ce ya sani, zai yi magana a masallaci, ruwa na Allah ne, ba ya hannun kowa. Ya yi maganar kuwa. Amma jiya an jefi ƙofar Tasi'u da dutse, mata kuma sun daina amsa sallamar Yaya a bakin rijiya.

Alhamis, 5 ga Yuli

Na sami Yaya a gindin tsamiya. Ta rame, zanen ya yi mata yawa. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Ba ni labarin yadda yake. Kowa ya ji ban da ni."

Na ba ta. Ta ce, "An dawo mata da yarinyar?" Na ce an dawo da ita, amma ba gaba ɗaya ba. Ta ci 'ya'yan rumman a can, wanda ya ci abincin matattu kuwa ya zama nasu. Sai aka raba: ta zo wurin uwarta a yi damina, ta koma a yi rani.

Yaya ta daɗe tana kallon kaburburan. Sannan ta ce, "Asama'u ba ta cin abincin baƙo, Kamilu. Ai ka san ta."

Na ce, "Yaya, ki yi istigfari, tatsuniya ce." Ta ce ta sani. Ta faɗa a hankali, kamar mai rarrashina.

Ban iya cin tuwo ba.

Laraba, 18 ga Yuli

Tasi'u ya sayar da akuyar da ta rage. Sun tafi unguwar Bacirawa wurin ƙaninsa, wai zai gwada dako a Kano. Yaya ba ta yi gardama ba. Da za ta hau mota ta riƙo hannun rigata: "Idan ta zo ba ni nan, kada ta tarar ba kowa." Tasi'u ya kau da kai.

Da la'asar aka yi yayyafi. Na ji masu cewa, "Kun gani ko?" Allah Ya yafe musu. Ya yafe mini.

Litinin, 6 ga Agusta

An sami ruwa sau biyu, ba zai kai gero ga ido ba. Hedimasta ya ce rabin yara sun bi iyayensu cirani.

Nakan bi ta maƙabarta yanzu idan an tashi daga makaranta. Hanyar ta fi tsawo, amma akwai inuwa. Yau na ga wani ɗan tsiro a gefen kabarin Asama'u, bai kai ɗan yatsa ba. Ciyawa ce, na san ciyawa ce. Na yi mata addu'a kamar kullum.

Sai da na hau keke na lura a hankali nake tuƙi, ina kauce wa ramuka, yadda nake yi idan akwai yaro a baya.