Na Yarda Ki Fitar da Sirrin Wake

Zuwa ga 'yata Khairat, a Dakar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa baƙunta ta yi albarka. Mu nan unguwar Marjandafak sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki Inno ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa, ni kuwa gwiwa ce kawai. Yayarki Hansatu ke riƙe da alƙalami, na kuma hana ta gyara mini magana.

Tun shekarar da yaƙi ya kore mu muka haye kogi zuwa garin Kusuri, da Baba ya ja ni bayan rumfa ya nuna mini yadda ake ajiye wake ya shekara babu ƙwaro, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Ke ma don kin dame ni ne. Kika kwashi tokarmu da ganyenmu kika yi shekara biyu kina gwaji a jami'arku, sannan kika aiko cewa abin ya tabbata, wai za ki rubuta shi a gajeriyar takarda ki sa a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Na ce a'a, kin kuma san a'ata. Baffanki Idris ya goya mini baya, ya ce da sirrin nan aka ci da gidan nan, da shi kika yi karatun da kike so ki tona shi.

To, bayan Sallah wani abu ya faru. Delu mai ƙosai ta kasuwar Dembe ta sayi wake kwanon koro huɗu, ashe an barbaɗe shi da maganin ƙwari. 'Ya'yanta uku suka kwanta asibiti. Allah ya tashe su, amma na ga ƙaramar da idona. Wanda ya sayar mata Waliyyullahi ne, abokin gasata na shekara talatin. Na same shi a ƙofar asibiti ya zabge. Ya ce da ni me zai yi, in bai sa magani ba ƙwaro ya cinye rabin buhu. Mutumin nan sau biyu yana roƙona in koya masa, ina yi masa dariya. Rijiya ta bayar, guga ya hana, ni ne gugan.

Saboda haka ki fitar da takardarki, amma da sharaɗi. Kada a karɓi ko sisi a hannun kowa. Kada ta tsaya a Faransanci, a yi ta da Hausa da Larabci, a kuma karanta ta da murya a tura wa mutane a waya, don masu wake irina ne, ido bai san baƙi ba. A sa sunan Baba, Ja'afar mai wake. Sannan Hansatu ta karanta mini abin da kika aiko, kin ce shanya kwana biyu. Kwana uku ne, sai ƙwaya ta yi ƙara a haƙori. Na'urarki ta faɗi nata, ni ma haƙorana huɗu sun faɗi nasu.

Baffanki ya yi fushi, kwana biyu bai zo cin abinci ba. Ran na uku Inno ta yi kisra da miyar kuɓewa, sai ga shi. Bai ce ya yarda ba, amma ya ci har ya nemi ƙari. Ni dai barcina ya dawo.

Ki gaida maigidanki Junaid, ki gaida Kausar da Fa'iz, ki ce kakansu na cigiyarsu. Inno da Hansatu suna gaishe ki.

Gobe da safe zan ɗauki toka da ganye in tafi Dembe, in zauna a rumfar Waliyyullahi in nuna masa da hannuna, duk wanda ya tsaya ya gani. Takardarki ta same mu a can.

Wassalam, mahaifinki,
Salihu Ja'afar