Abin da Ya Faru a Bakin Tur'a

Daga Rufa'a, zuwa ga maƙwabcina Mati Sodangi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Wata bakwai ke nan da na bar maka 'yata Rayan muka zo ɗaukar Inna ni da matata, faɗa ya ɓarke, hanya ta rufe. Yanzu ta buɗe, sai dai waya ba ta shiga. Ka ba Ɗayyabu direban lori yarinyar ya kawo mini ita. Allah ya saka da alheri.

Salih Hamid.

*

Daga ƙauyenmu, kusa da Suki.

Wa alaikumus salam. Malam, ko wane ne kai, wannan ba rubutun Salih ba ne. Nasa kamar kaza ta bi ta kan laka yake, makarantar allo ɗaya muka yi da shi. Kuma tun muna miƙa wa juna gyaɗar sata ta ƙasan danga bai taɓa ce mini Mati Sodangi ba. Ɗayyabun nan ban san shi ba, sai leƙen cikin gida yake yi. 'Yar shekara tara ba buhun dawa ba ce da zan ɗora wa lori. In kai ne, faɗa mini abin da ya faru a tur'a, inda ruwan gona ke bi, muna 'yan shekara goma. Ka huta lafiya.

Mati.

*

Ɗan'uwana Mati, sallama da gaisuwa.

Ba ka yi laifi ba. Hannuna na dama ya samu rauni, Zaharaddini ƙanen matata ke rubuta mini. Ranar tur'a kuwa, santsi ya kwashe ni na faɗa ruwa, ka yi tsalle ka ciro ni, babanka ya yanka maka zakara. Don Allah ka turo ta, uwarta ba ta barci. Wassalam.

Salih.

*

Salamu alaikum.

Wannan labarin ko akuyar ƙauyenmu ta san shi, a bakin kasuwa ma za ka tsince shi. Ba haka aka yi ba, kuma Salih ya sani. Wallahi raina ya ɓaci, don na sa rai kai ne. Yarinya ban gaya mata komai ba, kullum tana bakin titi tana duba lorori. In ka sake aiko Ɗayyabu, samarin unguwa za su tarbe shi. Sai wata rana.

Mati.

*

Kan Tulu, salamu alaikum.

Ga sunan da nake kiranka tun muna yara. Da hagu nake rubutawa, ka yi haƙuri da rubutun. Hannun daman an yanke shi. Kai ka tura ni, a kan goriba guda ɗaya, sannan ka biyo ni kana kuka. Na rantse maka ba zan faɗa wa kowa ba saboda dorinar babanka. Shekara talatin da biyar na riƙe, sai in faɗa a gaban Zaharaddini? Zakaran ma ƙafa kawai ka ba ni. Ina kewar 'yata, Mati. Ka gaida gida.

Salih.

*

Salih, wa alaikassalam.

Na karanta, na yi kuka a gaban Ɗayyabu, na kuma nemi gafararsa. Amma ba zan ba shi ita ba. Ni zan kawo ta da kaina ranar Laraba, da zakara. Allah ya kai mu.

Kan Tulu.