Agwagwa Ba Kifi Ba Ce

Matameye, watan Maris 1985

Zuwa ga yayana Inusa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Kano, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu ma mun gode Allah, sai dai fari. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma dawar taimakon da sojoji ke rabawa ce ke riƙe da su.

Ka tuna Madam Odil, ungozomar gidan likita, 'yar Kwatano, wadda ta ceci raina a haihuwar Fadima? To, ita ma ta haihu, sai ga azuminsu na Katolika ya kama, ta ce ba ita ba nama sai ya ƙare. Ta rame, nono yana neman ɗaukewa. An halatta musu kifi, amma ina kifi, tafkuna duk sun tsage?

Ni da rawar kai na ce ai abin ruwa abin ruwa ne. Na sa aka yanka agwagwata, ita kaɗai ta rage mini, da ruwan wanke-wanke nake rayar da ita. Na yi farfesu na kai mata, Yaya, ko ɗanɗanawa ta ƙi. Wai su ba mazaunin dabba suke dubawa ba, jininta suke dubawa. Mai jini mai ɗumi nama ne ko a ruwa yake kwana, amma kwaɗo da kunkuru, har guza, duk layin kifi suke. Ka ji fa, guza mai yawo a tudu ɗan'uwan tarwaɗa ne, agwagwa mai iyo kuma 'yar'uwar rago. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ai ko mu an ɗauke wa mai shayarwa azumi. Ta ce su ma haka ne, limaminsu na Damagaram ya aiko mata da hakan, amma alwashi ta ɗauka tana kan gwiwa, tana tsoron ta karya yaron ya tafi. Haushinta nake ji har yanzu, sai dai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Don Allah ka sayi busasshen kifi ka ba masu jakunan da ke ratsowa ta Ɗan Barto, tunda iyaka a rufe take. Kada ka yi mini nawar nan taka. Jiya na ɗauki yaron nata, ya daina ma kukan don rashin ƙarfi.

Inna da Hajara suna gaishe ka. Ka gai da Maryama da yara.

Ƙanwarka,
Jamilatu