Ƙorafi Kan Dakatar da Baban Tanderu

Zuwa ga: Mai Girma Babban Manaja
Daga: Jami'ar Auna Zafi, Sashen Gwaji
Kwanan wata: Alhamis, 14 ga Maris, 2024

Game da: Dakatar da shugaban masu hura tanderu na biyu bisa laifin da ba nasa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kan hukuncin da aka yanke ranar Litinin, 11 ga Maris, a kan dattijon da duk muke kira Baban Tanderu, saura wata biyar ya yi ritaya.

1. Kamar yadda Mai Girma ya sani, ba ma zura komai cikin tanderun ƙona tayil don sanin zafinsa. Hasken leza muke harbawa ta wata 'yar taga ya fita ta ɗaya, sai na'ura ta duba yadda tururin ruwan da ke cikin wutar ya shanye hasken, ta faɗi zafin. Amma iskar ɗaki ma tana da danshi, kuma mai sanyi ce. Shi ya sa muke hura busasshiyar iskar naitirojin daga wata silinda cikin bututun da ke tsakanin lezar da tagar, don ta kore danshin.

2. Ranar Litinin, 4 ga Maris, Shugaban Sashen Gyare-gyare ya sa aka kwance silindar naitirojin ɗin don gwada bututun na'urar sanyaya ɗakin taro. Bai rubuta ba, bai turo ko saƙo ba. Na ji an ce ɗakin taron yanzu sanyi ƙalau, ina taya masu zama a cikinsa murna.

3. Ranar Laraba, 6 ga Maris, da safe, danshi ya cika bututun. Na'ura ta nuna digiri 1,090, alhali zafin gaskiya ya kusa 1,250. Ƙa'ida ta ce in lamba ta yi ƙasa haka a ƙara wuta, Baba ya ƙara. Tayil ya narke, tubalin rufin tanderu ya tsage, wasu ɓaraguzai suka faɗo taku biyu daga inda ma'aikata uku suke tsaye. Allah ne kawai ya kiyaye.

4. Kwamitin bincike ya zauna ba tare da an kira ni ba, ya rubuta cewa sakacin Baba ne. Na haɗa bayanan na'urar da wannan takarda. Har yau silindar ba ta dawo ba, ga shi an sa ranar Litinin, 18 ga Maris, don sake kunna wuta.

5. Wannan sakin layin ya fi yi mini nauyi. Da safiyar Larabar nan Baba ya zo har teburina sau biyu yana cewa wutar ta yi fari da yawa. Shekara ashirin da shida yana karanta wuta da ido. Na nuna masa allon na'urar, na ce zamanin ido ya wuce, har da 'yar dariyata. Ban tashi na duba bututun ba. Ya koma ya bi lambar, kuma a gaban kwamiti bai ambaci sunana ba. Kunyar wannan ta hana ni sakewa.

Don haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi, da a dawo da silindar kafin a kunna wuta, a sake zaman kwamiti da ni da Shugaban Gyare-gyare, a kuma mayar da Baba bakin aikinsa da sunansa a wanke. In lallai sai an dakatar da wani, a fara da wadda ta hana shi yarda da idonsa.

Allah Ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Jami'ar Auna Zafi, Sashen Gwaji